Washin Cizal na Injin Juya Katako: Aikin Dutse da Aikin Hannu

Katako mai faɗin santimita 25, in aka ɗaura shi a inji yana juyawa sau 800 a minti, bakin cizal yana ratsa itace na tsawon mita 628 a kowane minti. Kewayen katakon santimita 78 da rabi ne, sai ka ninka sau 800. Kafin minti 10 su cika, siririn bakin nan ya yi tafiyar da ta haura kilomita 6 a cikin itace, ga zafi, ga yashin da ya maƙale a ɓawo, ga kulli. Babu ƙarfen da zai yi wannan aiki kaifinsa yana nan yadda yake.

Shi ya sa washin mai juya katako ya sha bamban da na kafinta. Kafinta zai zauna da dutsen hannu ya bi lamba bayan lamba har bakin ya yi ƙyalli, domin kaifin zai jima masa. Mai juyi kuwa zuwa yake ya dawo. Ya tsayar da inji, ya taɓa dutse na daƙiƙa 20 ko 30, ya koma kan aiki, kuma a akushi ɗaya yana iya yin haka sau uku ko huɗu. Abin nema a nan shi ne hanyar da za ta ba ka baki iri ɗaya a kowane zuwa, cikin sauri, ba tare da ta cinye maka ƙarfe ba. Ko kusurwar bakinka digiri 45 ce ko 50, duk za ta yi aiki. Matsala ita ce a ce jiya 45 ce, yau 52, gobe 41. Hannu yana sabawa da cizal ne bisa kusurwarsa, in tana sauyawa kullum to kullum sabon cizal kake koyo.

Mutane da yawa ba sa gane baki ya dakushe sai abin ya yi nisa. Alamar farko a hannu take, sai ka ji kana tura cizal da ƙarfi maimakon ka bi shi. Sassaƙen da ke fita dogo-dogo ya koma gajere, daga nan ya zama gari. Ƙarfen ya fara ɗumi a yatsu. Fuskar katakon ta yi sheƙi a wani wuri saboda guga, a wani wurin kuma, musamman inda kan jijiyar itace ya fito, ta yi ƙananan ramuka domin fizge zaren ake yi maimakon a yanke shi. Samfefa tana shan wuya kafin ta share waɗannan ramuka, sun fi yadda ido ke gani zurfi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na haske: riƙe bakin a ƙarƙashin fitila ka dube shi kai tsaye. Baki mai kaifi ba shi da faɗin da zai mayar da haske, ba za ka ga komai a kansa ba. In ka ga siririn layi fari yana walƙiya, wurin ya mutu. Itacen tik yana kashe baki da wuri saboda silikar da ke jikinsa, haka ma katakon da aka haɗa da gam. Kuma ko me kake juyawa, wasa cizal kafin yankan ƙarshe, ko da kana jin da sauransa.

Irin ƙarfen da ke hannunka

Kafin ka kai cizal kan dutse sai ka san da me aka ƙera shi, domin abin da ke cetar wani ƙarfe shi ke lalata wani. Tsofaffin cizal da yawa, da waɗanda ake ƙerawa a maƙera, na ƙarfen kabon ne. Yana ɗaukar kaifi sosai amma ba ya jure zafi. Da ya wuce digiri 200 a ma'aunin salshiyos taurinsa ya fara sakewa. Wajen 230 zai yi launin ruwan ƙasa mai haske, wajen 300 ya yi shuɗi. Duk inda shuɗin nan ya bayyana a baki, wurin ya yi laushi kuma ba zai sake riƙe kaifi ba, sai an cinye shi gaba ɗaya an kai ga ƙarfe mai lafiya. Maganinsa kwanon ruwa kusa da dutse, ana tsomawa akai-akai tun kafin ya yi zafi.

Yawancin cizal na yanzu kuwa na ƙarfen HSS ne, wato ƙarfen da aka ƙera don ya jure zafin yanka cikin sauri. Wanda ya fi yawa shi ne M2, mai ɗauke da tangistan kimanin kashi 6 cikin 100, molibdenam kashi 5, kuromiyam kashi 4 da banadiyam kashi 2. Akwai M42 da aka ƙara wa kobalt kimanin kashi 8. Irin wannan ƙarfe yana riƙe taurinsa har sama da digiri 500, don haka ɗan shuɗi a bakinsa ba ya kashe shi, sai dai yana nuna hannunka ya yi nauyi ko dutsenka ya toshe. Abin da ke cutar da shi shi ne a tsoma shi a ruwa yana da zafi. Sanyin da ya zo farat ɗaya yana haifar da ƙananan tsaga a siririn baki, waɗanda ido ba ya gani, sai ka ga bakin yana ɓarɓashewa a kan aiki ka rasa dalili. In ya yi zafi, ajiye shi ya huce da kansa.

In babu rubutu a jikin cizal, tartsatsi zai faɗa maka. Ƙarfen kabon yana fitar da tartsatsi mai yawa, mai haske, yana fashewa a ƙarshensa. Na HSS kaɗan ne, ja-ja mai duhu, kusan ba ya fashewa.

Inji da dutse

Injin washi na kan teburi shi ne abin aikin. Giranda ta hannu ba ta dace ba, babu yadda za ka maimaita kusurwa da ita, kuma tana ƙona baki kafin ka ankara. Wanda aka fi so shi ne mai dutse milimita 200 da ke juyawa a hankali, wajen 1,450 a minti inda wutar lantarki take zagaye 50, ko 1,725 inda take 60. Dutsen milimita 200 a gudun 1,450 yana wucewa ta kan ƙarfe da saurin mita 15 a daƙiƙa, na milimita 150 a gudun 2,850 kuwa mita 22. Mai saurin ma yana washi, ƙwararru da yawa da shi suke aiki, amma kuskure a kansa yana girma da wuri. Ƙaramin dutse kuma yana barin rami mai zurfi a gangaren baki, wato fuskar da dutse ke ci wadda ta gangaro zuwa kaifi.

Dutse mai ruwan toka da injin ke zuwa da shi daga kamfani yawanci ya yi tauri ga wannan aiki. Tsakuwarsa in ta dakushe ba ta faɗuwa, sai ta zauna tana guga, guga kuwa zafi ce. Nemi na alminiyam oksaid mai saurin zubar da tsakuwa, fari ko ruwan hoda ko shuɗi. A jikin takardarsa akwai harafin tauri, daga A mafi laushi zuwa Z mafi tauri, kuma I, J ko K su ne daidai. Lambar kaushi 46 zuwa 60 a gefe ɗaya don sauya siffar baki, 80 zuwa 120 a ɗaya gefen don washin yau da kullum. Irin wannan dutse yana buƙatar gyaran fuska da sandar daimon. Da ka ga ya yi baƙi-baƙi yana sheƙi, ko ya yi kwari a tsakiya, ɗora sandar a kan dandamali, wato ɗan teburin ƙarfe da ke gaban dutse, ka wuce da ita sau biyu ko uku da hannu marar nauyi. Dutsen da ba a gyarawa shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake yi cewa cizal yana ƙonewa ko yana tsalle.

Akwai kuma faifan CBN, na ƙarfe ne da aka lulluɓe fuskarsa da tsakuwar boron naitaraid. Ba ya buƙatar gyaran fuska, ba ya fashewa, zafinsa kaɗan ne, kuma babbar falalarsa ita ce faɗinsa ba ya raguwa, saboda haka saitin da ka yi bara yana nan bana. Lamba 180 ta isa washi, 80 kuma don sauya siffa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ka kai masa ƙarfe mai laushi ko alminiyam ko tagulla, domin suna toshe shi. Injin dutsen ruwa irin Tormek, mai dutse milimita 250 da ke juyawa sau 90 kacal a minti, yana ba da baki mai kyau ba tare da zafi ba, sai dai sauya siffar babban cizal a kansa aikin mai haƙuri ne.

Dutsen washi in ya fashe a kan gudu yana iya kashe mutum, don haka kafin ka ɗaura sabo, rataye shi a yatsa ta raminsa ka ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa tif zai ce, wannan jefarwa ake yi. Duba iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa, kada injinka ya wuce ta. Bar takardun nan biyu da ke gefensa, su ke raba matsi tsakaninsa da farantan ɗauri, kuma kada ka tsananta ɗaurin noti. Na gefen hagu zarensa a juye yake, ka tuna da haka kafin ka yi ta kokawa da shi. In ka kunna, tsaya a gefe na minti ɗaya. Tazara tsakanin dandamali da dutse kada ta wuce milimita 3. Gilashin ido da abin rufe hanci wajibi ne, kuma ka share dusar katako daga inda tartsatsi ke sauka. Injin ya kasance taku biyu ko uku daga injin juyi, domin wanda sai ya yi tattaki kafin ya wasa zai yi ta jinkirtawa.

Samun kusurwa ɗaya kullum

Dabarar da ta fi kowace arha ita ce ta alƙalamin maka, mai tawadar nan. Shafa baƙar maka a gangaren baki duka, ɗora cizal a dandamali ko a mariƙi, wato abin da ke riƙe cizal a kusurwa ɗaya a gaban dutse, injin yana kashe, ka juya dutsen da hannu yana ɗan taɓa ƙarfen. Duba inda tawadar ta goge. In a bakin kawai ta goge, kusurwar ta yi tsaye da yawa. In a dunduniya kawai, wato ƙarshen gangaren ta baya, ta kwanta da yawa. In ta goge daga dunduniya har baki, ko a tsakiyar gangaren, ka dace. Da zarar ka samu saitin da ya yi maka, yanka ɗan katako ko filawud da zai shiga daidai tsakanin dutse da dandamali, ka rubuta sunan cizal a jikinsa. Daga ranar saiti ya zama aikin daƙiƙa biyar.

Nauyin cizal ɗin kansa ya kusa isa, ɗan abin da hannu zai ƙara kaɗan ne. Wurin haɗuwar ƙarfe da dutse ya kasance sama da tsakiyar dutsen. Fara taɓawa da dunduniya, ka ɗaga ƙota a hankali har gangaren ya zauna duka. A kan dutsen alminiyam oksaid, da ka ga tartsatsi ya fara tsallakowa ta saman baki yana gangarowa cikin kwarmi, washi ya kai baki, sai ka tsaya. Duk abin da ka ci bayan wannan asarar ƙarfe ce. Ka riƙa yawo a faɗin dutsen duka kada ka haƙa masa kwari a wuri ɗaya.

Babban cizal na sharar fage, mai faɗin kwarmi da ake mayar da katako mai kusurwa huɗu zagayayye da shi, shi ne mafi sauƙi. Digiri 40 zuwa 45, bakin a miƙe yake ba a ja kunnuwansa baya. Kwantar da shi a dandamali, ƙotar tana fuskantar dutse sak, ka mirgina shi daga kunne zuwa kunne. In tsakiyar ta shige ciki ta bar kunnuwa a gaba, ka daɗe a tsakiya ne. Wannan cizal na aikin sanda ne kawai, inda jijiyar itace ta bi tsawon inji, kamar ƙafar teburi. Wutsiyarsa da ke shiga ƙota siririya ce, in ka kai shi kan akushi ya cije tana iya karyewa. Mayanki, wato siririn da ake raba aiki da shi, gefe biyu ne, kimanin digiri 25 kowanne. Abin lura kawai shi ne bakin ya fito a miƙe, kuma a irin mai kauri a tsakiya gangaren biyu su haɗu daidai inda ya fi kauri, in ba haka ba zai matse a cikin yankansa ya yi zafi.

Cizal mai karkataccen baki ya fi kowanne son kaifi, shi ne kuma ya fi saurin hukunta mai shi in ya dakushe. Karkatar bakin kimanin digiri 70 ce daga tsawon ƙarfen. Don gangaren kuma akwai ma'auni mai sauƙi, tsawon kowane gangare ya zama kaurin ƙarfen sau ɗaya da rabi. Ƙarfe mai kaurin milimita 6 zai samu gangare milimita 9 a kowane gefe, jimillar kusurwar ta tashi wajen digiri 40. Itace mai laushi yana karɓar gangaren da ya fi haka tsawo. Yi gefe ɗaya, juya, yi ɗayan, kana duba kada wani ya fi wani, kuma ka kula da dogon tsinin domin ƙarfen wurin siriri ne, shi ke fara ƙonewa.

Cizal na akushi

A nan ne gizo ke saƙa. Cizal na akushi zagayayyen ƙarfe ne mai kwarmi mai zurfi, bakinsa yana da hanci a tsakiya da fukafukai biyu a gefe, kuma kowanne yana cin dutse da nasa saurin. Kusurwar hanci tana kamawa daga digiri 40 zuwa 60. Ta 40 tana yanka da sauƙi a bayan akushi da bangonsa. Amma in akushin yana da zurfi, a kwanar da bango ke haɗuwa da gindi jikin cizal zai bugi bakin akushi kafin gangaren ya zauna a kan itace, don haka ake son 55 ko 60 a can. Shi ya sa masu yin akushi da yawa suke ajiye cizal biyu. Akwai salon da aka sani da sunan Stuart Batty, hanci digiri 40 fukafukai ma an ja su baya digiri 40, ana yin sa da hannu a kan dandamali. Akwai kuma mai dogayen fukafukai da aka sani da sunan David Ellsworth na Amurka, hancinsa wajen 60. Mai farawa ya zaɓi wani abu tsakanin 45 da 55 ya zauna a kai har hannunsa ya san shi.

Yawancin mutane da mariƙi suke wasa wannan cizal, irin Wolverine na kamfanin Oneway ko makamancinsa, ko wanda mutum ya ƙera da kansa. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba da kusurwa: tsawon ƙarfen da ya fito daga mariƙi, buɗin ƙafar mariƙin, da nisan aljihun da ƙafar ke zama daga dutse. Tsawon fitowar yawanci milimita 45 zuwa 50 ne. Huda rami mai wannan zurfi a guntun katako mai tauri, ka manna ɗan ƙarfe a ƙasan ramin don kada baki ya yi ta ƙara masa zurfi, ka riƙa auna fitowar da shi kullum. Ƙafar mariƙi ka saita ta sau ɗaya ka manta da ita. Aljihun kaɗai za ka riƙa matsarwa, shi ma don dutsen yana ƙanƙancewa da amfani, kuma duk milimitar da ya rasa tana sauya kusurwa.

Ga abin da masu sayen mariƙi ba su cika sani ba. Mariƙi kusurwa kawai yake riƙewa, siffar baki kuwa hannunka ke yin ta, gwargwadon inda ka daɗe. Hanci ƙarfensa kaɗan ne, nan da nan yake cinyewa. Fukafukai suna da nama, suna son lokaci. Saboda haka fara da fiffike ɗaya, daga bayansa zuwa kusa da hanci, sannan ɗayan, a ƙarshe ka haɗe su da wucewa ɗaya mai sauƙi ta kan hanci ba tare da tsayawa ba.

Sannan ɗaga cizal ka dube shi ta gefe. Layin fiffike daga hanci zuwa baya ya zama miƙaƙƙe ko mai ɗan tudu kaɗan. In ya lotsa ya yi kwari, ka daɗe a tsakiyar fiffiken, kuma irin wannan baki yana taɓa itace a wuri biyu lokaci ɗaya, sai cizo. Wata lalacewar da ta fi yawa ita ce ɗan rami a dama da hagu daf da hanci, har hancin ya tsaya shi kaɗai kamar bakin tsuntsu. Ya fi faruwa a kwarmi mai matsattsen gindi, domin ƙarfen wurin siriri ne kuma nan ne hannu ke rage gudu yayin juyawa. In kuma ka dube shi ta sama ka ga hancin ya yi tsini, ka ci fukafukai ka bar hanci, tsinin nan zai riƙa barin layi a kan aiki kuma yana da wuyar sarrafawa. Ƙoƙarin gyara waɗannan da ƙarin washi a mariƙi yakan ƙara ɓata su. Hanya mafi gajarta ita ce ka kifa cizal a dandamali, kwarmin yana kallon ƙasa, ka ci saman fukafukan a hankali har siffar da kake so ta fito ta gefe. Za ka ga fili mai sheƙi ya zagaye bakin, mai faɗi a wani wuri, siriri a wani. Mayar da shi mariƙi ka ci inda filin ya fi faɗi, ka guji inda ya sirance, har ya ɓace ko'ina a tare.

Bayan haka, ci dunduniyar gangaren. Matsar da aljihun gaba kaɗan, ko ka yi da hannu, ka zagaye kaifin dunduniya har gangaren da ke aiki ya rage milimita 2 zuwa 3. A cikin akushi, inda bango ya lanƙwasa, doguwar dunduniya tana danne itace ta bar zobba masu duhu waɗanda sai an shafa mai suke bayyana, lokacin da gyara ya yi wuya. Gajeren gangare yana bin kwana cikin sauƙi, kuma washinsa na gaba ya fi sauri tunda ƙarfen da za a ci ya ragu.

Hattara da ɗora gindin ƙota kai tsaye a cikin dogon aljihun mariƙi don wasa cizal mai kusurwa tsaye, 60 ko fiye. Bakin yana sauka kusa da tsakiyar dutse, kuma dutsen na iya fizgo shi ƙasa ya matse tsakaninsa da aljihun. Irin wannan a dandamali ake yin sa.

Cizal na ado, mai kwarmi marar zurfi da ake fitar da ƙulli da kwari a aikin sanda, da mariƙin nan ake wasa shi, amma a digiri 30 zuwa 40, bakin a zagaye kamar farce, kunnuwan an ja su baya don su shiga matsattsen wuri ba tare da sun kama ba.

Makankari

Shi kuma makankari, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ake kankare fuskar aiki da shi, da wani abu daban yake yanka. In ka wasa shi, dutsen yana turo wani siririn leɓe na ƙarfe a saman bakin, wanda za ka ji da yatsa in ka shafa daga baya zuwa gaba. Leɓen nan shi ke aikin. Yana nan, makankari yana fitar da sassaƙe siriri mai laushi. Ya tafi, sai gari da yagewar jijiya. Kuma ba ya daɗewa, a busasshen itace mai tauri wani lokaci ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Wanda ya ce makankari ba ya barin fuska mai kyau, galibi da wanda leɓensa ya riga ya tafi yake aiki.

Saita dandamali a digiri 70 zuwa 80, kwantar da ƙarfen, ka bi siffar bakin da wucewa ɗaya ko biyu. Kafin haka, goge tsohon leɓen ta hanyar shafa saman ƙarfen a kan faifan daimon, in ba haka ba sabon zai hau kan karyayyen tsoho. Leɓen da dutse ke bayarwa yana da kaushi. Wanda ya fi shi kyau da daɗewa shi ne na murzawa: goge saman da gangaren su yi santsi, ka ɗauki sandar kabaid mai santsi, wani ƙarfe ne mai tsananin tauri, ka wuce da ita sau ɗaya a bakin, tana karkace digiri 5 zuwa 10 daga gangaren. Matsi kaɗan ya isa. In ka danna da ƙarfi leɓen zai nannaɗe ya koma baya, ba zai taɓa itace ba sam, ko kuma ya yi girma ya riƙa cafka.

Akwai makankarin da ake yi wa gangare na biyu a sama, ta yadda jimillar kusurwar biyu ta kasa digiri 90, yawanci 60 zuwa 75. Ba ya cafkar itace kamar na gargajiya, don haka ya dace da itace mai tsananin tauri da bangon akushi da ya sirance. Amma shi da leɓen ya tafi ya daina aiki ke nan ɗungurungum, sai an koma dutse.

Gogawa da daimon tsakanin washi

Dutse mai zagaye yana barin ɗan rami a gangare, wannan ramin kuma yana da amfani. In ka ɗora katin daimon mai lamba 600 a kan gangaren, wuri biyu kawai zai taɓa, dunduniya da baki, don haka kusurwar tana riƙe kanta. Fara ɗora shi a dunduniya, ka kwantar har ya taɓa baki, ka goga sau biyar ko shida. Kada ka ɗaga shi daga dunduniya don ka yi sauri, bakin zai dunƙule. Cizal mai karkataccen baki da haka ake riƙe shi, yana iya yin kwanaki bai ga dutse ba, sai layukan sheƙi biyun sun faɗaɗa sun kusa haɗuwa. A cizal na akushi ra'ayi ya rabu. Don cire itace mai yawa, daga dutse zuwa aiki ya wadatar. Don yankan ƙarshe a itace mai saurin yagewa, gogawar tana nuna bambanci, musamman in ka haɗa da cikin kwarmin da ɗan zagayayyen dutse, domin baki mahaɗar fuska biyu ce, in cikin kwarmi yana da layukan injin kamfani to bakin ma zai fito da su.

Cizal masu ɗan faifan kabaid a baki da ake ɗaurawa da sukuru ba a kai su kan waɗannan duwatsu. In gefe ya dakushe, kwance sukurun ka juya zuwa sabon gefe, ka share mazauninsa kafin ka ɗaure don kada ƙura ta hana shi zama daidai ya tsage. In duk gefen sun ƙare, irin mai shimfiɗaɗɗen sama ana iya kifa shi a faifan daimon da ɗigon ruwa a murza shi minti ɗaya ko biyu, saman kawai, ba a taɓa gefensa. Irin mai rami a sama kuwa sai dai a sauya sabo.